Abin da Ya Ƙi Juyawa

Ƙarfe biyu na dare a Rancagua,
ƙarfe ɗaya a tafin hannun Ximena Collao:
ɗan gutsure, bai kai kan babban yatsa ba,
an yanko shi daga farantin da zai rufe cikin injin niƙa
can bisa tsauni, inda ake murƙushe dutse don tagulla.

Idan ya karye fari ne fat.
An ƙosar da shi da kuromiyam,
ƙwayoyin kabayid sun jeru a cikinsa kamar haƙora.
An gasa shi har ma'auni dubu,
aka fiddo shi, fankoki suka hura,
mafi yawansa ya juya, ya ƙeƙashe, ya zama martansit.
Sai dai wani sashe ya noƙe.
Ostanit ake ce masa, ragowar zafi,
mai taurin kai da laushin jiki,
ya lafe tsakanin haƙora yana jiran ranarsa.

Ranarsa ranar duka ce.
Dutse ya faɗo, ƙwallayen niƙa su rufa masa baya,
sai ya tuna juyin da bai yi ba,
ya yi shi a makare,
ya kumbura a ɗakin da ba masaka tsinke,
faranti ya tsage, ya yi ta ɓarewa.
Kaɗan daga cikinsa yakan shanye bugu.
Idan ya yi yawa, ɓarawo ne na cikin gida.

Takardar masu aikin rana ta ce kashi tara.
Heriberto Aránguiz ya riga ya sa hannu,
babbar mota na bakin ƙofa, direba na minshari,
ƙarfe shida za ta kama hanyar tsauni.

Ximena ta karkata gutsuren ga fitila.
Ga kufan dutsen washi, ga shuɗin ƙuna a gefe.
Wani ya goge shi da gaggawa,
fatar ta firgita, ta juya kafin a tambaye ta,
ta amsa da bakin da ba na ciki ba.

Ta gwada maganaɗisu.
Ostanit ba ya amsa kiransa,
kabayid ma ba ya amsawa,
shi kuwa bai iya raba shiru da shiru ba.

Ta yanko wani, a hankali, ruwa na kwarara kan zarto.
Takardar yashi mai kaushi, mai taushi, mai taushi ƙwarai,
sannan ruwan tsami da ɗan lantarki
suka lashe saman ba tare da taɓa shi ba.
Ta kwantar da shi cikin akwatin hasken ekis,
ta sa shi jujjuyawa,
don ƙwayoyin zubi duk gefe guda suke kallo
kamar mutanen da suka haɗa baki.

Layi ya fara tafiya a kan allo.
Ya tashi, ya faɗi, ya shimfiɗe, ya sake tashi,
wani tudu na hawa kafaɗar wani,
sai ta zauna ta raba: wannan naka, wancan na kabayid.

Mahaifinta shekara talatin yana shiga cikin injin,
yana kwance farantan da suka mutu kafin lokaci.
Yanzu sai an ɗaga murya yake ji.
Ba ta taɓa tambayarsa nawa ya rage masa ba.

Ƙarfe biyar saura kwata.
Shayinta ya yi sanyi, ya yi yana.
Kashi ashirin da shida.

Ta sake lissafi. Bai motsa ba.

Ta soke tara da layi ɗaya, yadda za a iya karanta ta,
ta rubuta nata a gefe, da sunanta.
Ta kira mai tanderu ta ce kada ya kashe wuta,
ta ɗauki rigar sanyi,
ta fita ta ƙwanƙwasa gilashin direba.